Yatsa Biyu Tsakanin Taya da Bodi

Gwaggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin kwana goma sha biyu suka rage mini. Na san filinki ba na gyaran mota ba ne. Na san da kin ga ana maganar sifirin da shokafsoba za ki ce wannan ta ɓata hanya, gareji take nema. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Na je wurin masu harkar mota har uku, kowa ya faɗi tasa, amma babu wanda ya tambaye ni abin da ya sa nake kuka a kan ƙarfe.

Ni mace ce, shekarata ashirin da tara, ɗinkin labule nake yi a wani shago mai keke shida. Aikina awo ne: in je gidan mutane in auna taga, in dawo in yanka yadi. Tef a wuyana yake wuni, sau da yawa sai na zo gida Mama take cire mini shi. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da yayana. Ya rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce. Ciwon kwana tara ya yi, ba hatsari ba ne, na faɗa tun yanzu don kada ki ɗauka motar ce ta yi sanadi.

Yaya kafinta ne kamar Baba. Da idon Baba ya fara rauni shi ya karɓi shagon. Komai nasa na Baba ne, tafiyarsu, tarinsu, har hannunsu. In suka ɗora hannu a kan teburin cin abinci ba ki bambancewa sai da furfurar gashin bayan hannu, yatsu kamar an sassaƙa su da katako. Ni kuwa hannun Mama na ɗauko. Allura Yaya yake kirana, wai yatsuna za su shiga kafar maɓalli su fito ta ɗaya gefen. Su biyun da yatsa suke awo kafin su ɗauki tef, haka Baba ya koya masa tun yana ƙarami. Kauri yatsa uku, tazara yatsa ɗaya da rabi, kuma in an zo an sa tef sai ki ga daidai. Nakan yi musu tsiya in ce ranar da suka yi mini durowa a karkace zan kai ƙararsu. Ba su taɓa yi ba.

To Yaya ne ya sayi motar nan. Ƙarama ce, ja, mai ƙofa uku, irin waɗanda bayansu ya yanke babu but, ƙofar bayan gaba ɗaya take ɗagawa har da gilashi. In ya taka ta sai ki ji bayanki ya manne da kujera. Barkono ya sa mata suna, wai ga ƙanƙanta ga ja ga zafi. Baba ya yi ta faɗa, ya ce kafinta motar ɗaukar katako yake buƙata ba abin wasan yara ba, amma ni na sha ganinsa ta taga yana shafa rufinta in yana zaton babu mai kallo.

Abu ɗaya ne ya hana Yaya sakat game da ita, wato tsayinta daga ƙasa. Duk ranar da ya wanke ta sai ya tsuguna ya cusa hannu tsakanin saman taya da bakin bodi, ya ce in zo in gani, yatsa uku har da ɗan sarari, kamar wadda ta tattare wando za ta tsallaka ruwa. Yana so ya sauke ta ta zauna sosai a kan tayunta. Ya yi ta bincike, yana nuna mini hotuna a waya, yana yi mini bayanin da ba na saurara, ina cewa to, to, hankalina yana kan wani abu. Ya ce da ya gama wani babban aikin kicin da ya karɓa zai yi. Bai gama kicin ɗin ba. Gwaggo, da na san bayanin nan shi ne na ƙarshe da na rubuta kowace kalma.

Bayan rasuwarsa motar ta yi wata huɗu a rufe da tamfol a tsakar gida. Baba ba ya bi ta kusa da ita. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa ƙofar gida taku goma ne in ka bi ta gefenta, shi kuwa sai ya zaga ta bayan tankin ruwa. Allon da Yaya yake rubuta aikin mako a shago ma ya sa an juya fuskarsa bango, ba a goge ba, ba a kuma karantawa. Wata rana da safe Mama ta miƙo mini makulli ta ce in ji Baba, in riƙa zuwa aiki da ita kada ta lalace a ajiye. Ko bakinsa bai iya faɗa mini da kansa ba.

Na kwashe kayan aikinsa daga bayanta, akwatin guduma da zarto da su matsi, masu nauyin tsiya. Safar hannunsa ta aiki kawai na bari, na gwada sa ta sau ɗaya, hannuna ya ɓace a ciki, na zauna na yi kukana na ƙoshi. Sai da na buɗe ɗan akwatin gaban mota na tarar da abin da ya jawo duk wannan. Guntun samfefa ne, takardar nan ta goge katako, a bayansa ya yi rubutu da fensir ɗinsa na kafinta: sunan motar, sannan ƙasa ya sa gaba yatsa biyu, baya yatsa biyu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Shi ke nan. Bai bar mini wasiƙa ba, bai yi mini sallama ba, domin kwana ukun ƙarshe ba ya magana. Wannan guntun samfefa shi ne kaɗai abin da na samu da zan iya cewa ga abin da yake so. Na rantse a raina sai na cika masa. Ban nuna wa kowa ba, balle Baba da ba ya iya kallon rubutunsa.

A nan na yi wautar da nake jin kunyar rubutawa. Na tsuguna yadda yake yi na cusa hannu, na ga yatsu huɗu sun shige har suna wasa. Na ce lallai cire kayan nauyin nan ya sa ta ƙara tashi, aiki ya ƙaru. Ban san komai a kan kayan ƙafar mota ba. Wata abokiyar aikina ta kwatanta mini wani mai walda a bayan layinmu, ta ce shi yake sauke wa samarin unguwa motoci, yini ɗaya ya gama. Na je. Ya ce ba sai na sayi komai ba, sifirin ɗin da ke jikinta zai rage wa tsawo, wato wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan kowace taya. Ya ciro su ya sa injin yankan ƙarfe ya cire zagaye ɗaya, ya mayar, ya sauke jak. Na sa hannu, yatsa uku. Na ce a ƙara. Ya sake kwancewa ya rage, na sake sa hannu, biyu da rabi. Na ce a ƙara. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina za ta faɗo: a karo na uku mutumin ya tsaya ya dube ni, ya ce shi dai a nan yake tsayar wa mutane. Na ce masa yatsa biyu aka ce, ba biyu da rabi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya yanka. Ga tef a wuyana duk tsawon yinin nan, ko sau ɗaya ban ciro shi ba, domin na ce yadda Yaya yake awo haka zan yi.

Ranar ta yi kyau, Gwaggo, wallahi ta yi kyau. Ta lafe a ƙasa kamar kyanwa. Na ɗauki hotonta na buɗe waya zan tura masa, sai da na kai kan sunansa na tuna. Guntayen ƙarfen da aka yanke na tsince su tas na zuba a leda, suna nan a durowar kekena tare da zare da almakashi.

Daga washegari aka fara. Gangaren ƙofar gidanmu ba wani tsayi ne da shi ba, amma kullum in zan fita sai cikinta ya gurji siminti, ƙuuu, har a haƙorina nake ji. Na koyi fita a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suna kallo. A titi kuwa tsalle take yi kamar ɗan akuya, ko ƙaramin rami na taka sai in ji dum daga ƙasa har wuyana. Cikin wata biyu shokafsoba na gaba, waɗanda suke hana mota rawa bayan ta taka rami, suka fara zubar da mai. Tayun gaba suka cinye ta ciki, waje sabo ciki sumul. In na sha kwana da ɗan sauri sai in ji taya tana goga bodi. Duk na gani, duk na ji, na ce haka motocin gudu suke, jikina ne bai saba ba. Baba yana jin ƙarar nan safe da yamma daga ɗakinsa.

Ranar Litinin ta makon jiya na ɗauki Mama zan kai ta asibitin ƙashi, da ma tana fama da baya. Mun makara. Akwai wani tudun rage gudu a gaban wata makaranta, na san shi sarai, kullum a karkace nake hawansa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ranar akwai babbar mota a bayana tana ta danna mini oda, na rikice na hau shi kai tsaye. Ƙarar da na ji ba zan manta ba. Salansa ta tsinke tana jan ƙasa, Mama ta tashi sama kanta ya bugi rufi, ta dawo ta ciji harshenta. Da na juyo na ga jini a haɓarta da gaban mayafinta, tana riƙe da ƙugu, kuma abin da ta fara cewa shi ne kada in gaya wa Baba. Ashe wani mai shago da ke bakin titin ya riga ya kira shi, domin ya san mu.

Baba ya zo a tasi. Bai kalli motar ba, bai kalle ni ba. Ya kama Mama ya sa ta a tasin suka wuce asibiti, aka bar ni da salansa a hannu. Harshen ɗinki biyu aka yi masa, bayan kuma likita ya ce babu karaya, sai dai har yau da dafa bango take tashi. Da yamma Baba ya kira ni ɗakinsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce ya binne ɗa guda, ba zai zauna yana jiran mota ta kawo masa na biyu ba, don haka za a sayar da ita. Na durƙusa na roƙe shi har muryata ta dishe. Mama ce daga kan gado, da harshenta a kumbure, ta samo mini zuwa ƙarshen wata. Sharaɗin Baba shi ne a mayar da ita mota irin ta mutane, in ba haka ba ranar Asabar ta ƙarshen wata dillali zai zo da mai saye. Dillalin ma ya riga ya zo sau ɗaya, ya zaga ta yana harbin tayunta da ƙafa, ya ce masu irinta sukan saya don su kwashe injin. Su kwashe injin, Gwaggo. Barkono.

Tun ranar nake yawo. Mai waldan ya ce abu mai sauƙi ne, zai cusa guntayen roba tsakanin zagayen sifirin ta ɗan tashi. Mijin abokiyar aikina, wanda yake ji da kansa a harkar mota, ya ce in sayi sifirin na musamman da ake ƙerawa gajeru don sauke mota, in ɗora su a kan shokafsoban da ke jiki, wai zubar mai kaɗan ba komai ba ne. Mai sayar da kayan mota kuma ya fito mini da wani kwali mai ƙyalli, cikakken saiti na ƙafa huɗu masu zare a jiki, ana murɗawa mota ta hau ko ta sauka yadda ake so. Ya ce da wannan zan iya ɗaga ta ranar Asabar Baba ya gani, in an kwana biyu in murɗa ta koma yatsa biyu. Na juya kwalin ban ga sunan wanda ya ƙera ba, ban ga takarda a ciki ba, amma ba zan ɓoye miki ba, maganarsa ta shige ni. Akwai kuma hanya ta huɗu da kowa ya sani, in nemo irin nata na asali a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wannan ce za ta gamsar da Baba. Amma in na yi haka, na gurji cikinta, na yanke ƙarfen da Yaya ya hau, na zubar da jinin Mama, duk a banza, kuma abu ɗaya tak da ya rubuta ya bari na kasa yi masa.

Ba na iya cin abinci. Jiya na yanka labulen wata mata ƙasa da awo da taƙi guda, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo. In na bi Baba na ci amanar Yaya, in na bi Yaya na rasa motar kuma na ƙara wa Baba ciwo a kan ciwo, in na bi mai kwali na zama mai yaudarar ubanta. Wanne zan saya? Akwai kayan da za su ba ni yatsa biyu ba tare da ta gurji ƙasa ba? Ko in haƙura in bar dillali ya tafi da ita in huta? Don girman Allah ki ba ni amsa kafin Asabar ɗin nan ta zo.

Taki cikin damuwa,
Allura

*

'Yata Allura,

Allah ya jiƙan yayanki, ya ba Mama lafiya, ya sanyaya zuciyar Baba da taki. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki saboda kwanakin da kika ƙirga. Gaskiyarki, ni ba bakanike ba ce. Shi ya sa na ɗauki wasiƙarki na kai wa tsohon da yake gyara mini mota shekara ashirin, na karanta masa yana shan shayi. Abin da ya shafi ƙarfe daga bakinsa ne, sauran nawa ne.

Mu fara da abin da ba ya jira. Ki ajiye motar nan daga yau, ko kanti kada ki je da ita. Tsohon ya ce sifirin da aka yanka har sau uku yana iya zamewa daga mazauninsa in taya ta faɗa rami, kuma shokafsoba mai zubar da mai ya riga ya mutu, sai dai ba a binne shi ba. Mota a wannan hali ba ta tsayawa inda kika taka birki, sai ta ƙara gaba. A wannan gaɓar Baba ya fi ki gaskiya nesa ba kusa ba. Kina ganin yana so ya raba ki da abin da ya rage miki na yayanki. Shi kuwa mutum ne da ya ga jini a fuskar matarsa wata goma sha ɗaya bayan ya rasa ɗansa, kuma ke kaɗai kika rage masa. Kada ki riƙe shi a zuciya.

Ke ma ba zan ce ba ki da hujja ba. Son cika wa mamaci burinsa ba wauta ba ne, kuma sauke mota kaɗan ba haramun ba ne a wurin masu gyara, in an yi shi da kayan da aka ƙera don haka. Laifinki gaggawa da ɓoyo, da kuma ƙin jin mai walda a lokacin da shi kansa ya ce a tsaya.

Yanzu ga masu ba ki shawara. Robar mai walda ki manta da ita, faci ne a kan ɓarna. Mijin ƙawarki ya faɗi rabin gaskiya: gajerun sifirin da aka ƙera don irin motarki su ne hanya, amma ɗora su a kan mataccen shokafsoba zubar da ƙoƙari ne, cikin 'yan makonni za ki koma inda kike. Kwali mai ƙyalli kuwa, tsohon ya ce masu zare na kirki suna nan kuma suna da kyau, amma na masu shiga filin tsere ne da suke da wanda zai riƙa saita musu, kuma duk kayan ƙafar mota da maƙerinsa ya ji kunyar sa sunansa a jiki, kada ki ɗora ran mahaifiyarki a kai. Ni kuma na ƙara da cewa dabarar ɗagawa ranar Asabar a sauke ranar Talata ba ta dace da ke ba. Baba kafinta ne, idonsa ya yi rauni amma kunnensa lafiya lau, ranar da cikinta ya sake taɓa siminti zai gane, kuma abin da za ki rasa a ranar ya fi mota.

Abin da za ki nema shi ne sifirin huɗu na saukewa kaɗan, masu sauke mota kamar santimita biyu da rabi zuwa uku, waɗanda aka rubuta ƙirar motarki da shekararta a takardarsu, tare da sababbin shokafsoba huɗu da aka yi su don su yi aiki da gajeren sifirin. A duba robobin da ke hana ƙafa bugun bodi, domin dum ɗin da kike ji ya riga ya cinye su. A canja tayun gaba, a gyara salansa, a leƙa kaskon man inji ko ya tsage. Bayan an ɗaura a kai ta a saita tayu, a sake dubawa bayan mako biyu in ta gama zama. A gareji mai rami da ma'auni za a yi wannan, ba a bakin layi ba. Kwanakin da suka rage sun isa in kin fara gobe.

Na san abin da kike cewa yanzu: santimita uku ba za ta ba ki yatsa biyu ba. To zauna ki ji, domin tun ban gama karanta wasiƙarki ba na ajiye ta na kira maigidana da 'yar autata, na sa rula a kan yatsunsu. Nasa biyu sun kusa santimita huɗu da rabi, kuma shi malamin makaranta ne, bai taɓa riƙe guduma ba. Nata biyu ba su cika uku ba. Ke da kanki kika rubuta mini cewa yayanki yana sa hannu ya samu uku da ɗan sarari, ke kika sa kika samu huɗu suna wasa. Kika ɗora wa akwatin guduma laifi. Motar ba ta tashi ba, 'yata, hannun ne ya canja. Kin gaya mini hannunki ya ɓace a cikin safarsa. Yatsa biyun da ya rubuta nasa ne, ba na Allura ba. A lokacin da mai walda ya yi yankan farko kika sa hannu kika samu uku, kina tsaye a kan tsayin da yayanki yake so, kika wuce shi har sau biyu. Da na faɗa wa tsohon bakaniken haka, ya lissafa ya ce daga uku da sarari zuwa biyu a hannun ƙato, ai saukewar da kowane mai hankali yake yi ke nan, kuma mota a wannan tsayi tana wuce tudun makaranta da gangaren gida lafiya in an bi a hankali. Yayanki bai taɓa nufin ta gurji ƙasa ba. Mutumin da bai taɓa yin durowa a karkace ba ba zai so motarsa tana jan ciki ba.

Kin ga ashe babu zaɓi tsakanin Baba da Yaya. Motar da Baba ya kira ta mutane da motar da ke rubuce a bayan samfefa, tazararsu ba ta wuce kaurin yatsa ɗaya da ɗan sarari ba. Kada ki kwana kina dukan kanki a kan wannan. Mai baƙin ciki yakan riƙe abin da aka bar masa da ƙarfi har ya kasa duba shi da kyau.

Saura abu mafi wuya, kuma ba a sayar da shi a kanti. Hannun yayanki ya tafi, amma kin ce akwai irinsa sak a gidanku, yana zagawa ta bayan tankin ruwa. Kada ki jira Asabar. Ki sami Baba shi kaɗai, ki fara da ba shi haƙuri a kan Mama da kuma ɓoyon da kika yi, ba tare da kare kai ba. Sannan ki miƙa masa guntun samfefan. Na san kina tsoron abin da rubutun zai yi masa. Zai yi masa zafi, babu shakka, amma mutumin da ya juya allo bango bai goge ba, ba mantawa yake so ya yi ba. Ki gaya masa kin auna da hannunki kin ɓata, kuma duk duniya babu wanda zai iya karanta awon nan daidai sai wanda ya koya wa mai shi. Ki roƙe shi ya bi ki gareji ranar da za a sauke ta daga jak.

Ba zan yi miki alkawarin zai yarda ba. Yana iya cewa a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, in ya faɗa ki yi, domin mota a tsakar gida da tsayinta ta fi mota a hannun masu kwashe inji. Yana iya cewa duk da haka sai an sayar, in ya kai ga haka ki cire safar da samfefan ki riƙe, ki bar masa hukuncinsa, kin dai fita da gaskiyarki. Amma in ya bi ki, ki ja baya ki yi shiru, ki bar tef ɗinki a wuya. Ki bar shi ya tsuguna ya sa yatsunsa biyu tsakanin taya da bodi, shi zai gaya miki ko ta zauna inda ɗansa yake so.

Allah ya sa ki ga wannan rana, ya kiyaye hanyarki, ya haɗa kanku a kan alheri. Ki gaishe mini da Mama da jiki.

Gwaggonki